Ko motar kwana-kwana ta iso, ina ruwa, ina hanya?

Alhaji Mai Atamfa, Garwa:
Assalamu alaikum jama'a. Ɗari ya shigo, iska ta fara kaɗawa, kuma kowa ya san daga yanzu har zafin watan Afrilu lokacin gobara ne. Ina so mu zauna a kan maganar 'yan kwana-kwana a nan Kamaru tun wuta ba ta tashi ba, don in ta tashi zagi kawai ake yi na kwana biyu, a tara wa wanda abin ya shafa ɗan taimako, sai kuma wata wutar. Kullum ana yankar mana tikiti a kasuwa, muna biyan kuɗin rumfa, muna biyan haraji. A cikin wannan kuɗi me ke komawa wajen tsare dukiyarmu daga wuta? Ni a ganina aikin gwamnati ne daga farko har ƙarshe, kuma ba ta kai inda ya kamata ba. Wanda ya fi ni sani ya yi mana bayani.

Maman Fadila, Marwa:
Wa alaikumus salam Alhaji. Abin da ke bakin kowa dai shi ne sai wuta ta gama cin abin da za ta ci sannan a ji jiniya, kuma wai wani lokaci motar babu ruwa take zuwa. Tun ina yarinya nake jin haka.

Tsohon Soja, Garwa:
Salamu alaikum. Alhaji, Allah ya saka da alheri da ka buɗe wannan magana. Ni wannan aikin na yi har na ajiye kaki, don haka ku ba ni dama in ɗan tsawaita.

Maman Fadila, 'yata, ba a fita da mota babu ruwa. Direban da ya dawo daga aiki bai cika tanki ba kafin ya zauna, hukunci ne a kansa. Ga abin da ke faruwa. Motar da kuka saba gani tana ɗaukar ruwa wajen lita 3,000. Babban tiyo guda ɗaya in an buɗe shi sosai yana zubar da lita 500 a minti ɗaya. Ku yi lissafi da kanku: minti 6 ke nan. In an buɗe biyu, minti 3. To wanda ya iso wurin daga baya, abin da zai gani shi ne mota tana juyawa za ta tafi ɗebo ruwa, wuta kuwa tana ci, sai ya ce ai babu ruwa suka zo.

Ruwan cikin mota na fara yaƙi ne kawai, na tsare wuta kada ta tsallaka, na buɗe hanya a fitar da mutum. Ruwan da ke kashe gobarar kasuwa shi ne wanda aka tarar a wurin. A tsarin Faransa da muka koya, jan famfon nan na bakin titi ana son ya ba da lita 60,000 a awa ɗaya, har awa biyu. Lita 120,000 ke nan, ruwan da zai cika mota 40. Wannan famfo kuwa ba mu ke kafa shi ba, ba mu ke tura masa ruwa ba.

Alhaji Mai Atamfa, Garwa:
Baba, na ji lissafin kuma ya shige ni. Amma ai maganata tana nan. Ko ku ne ko ba ku ba, gwamnati ɗaya ce.

Tsohon Soja, Garwa:
Gwamnati ɗaya ce Alhaji, amma ƙofofinta da yawa, kuma in ka ƙwanƙwasa wadda ba ita ba haka za ka gaji ka koma. 'Yan kwana-kwana a Kamaru sojoji ne, suna ƙarƙashin ma'aikatar tsaro, an kafa rundunar a 1986. An bi sawun Paris ne, inda Napoliyon ya mayar da masu kashe gobara sojoji a 1811, bayan wutar da ta kama a wani biki a gidan jakadan Ostiriya. Albashi, mota, mai, horo, duk daga Yawunde suke zuwa. Lambar ita ce 118, kuma ba a biyan ko dala. Ba wuta kaɗai ba: haɗarin mota, wanda ya faɗa rijiya, wanda Binuwai ya ja da damina, duk mu ne.

Amma bari in ba ku abin da idona ya gani, ba zan ambaci kasuwar ba. Wajen ƙarfe biyun dare muka iso, wuta tana layin masu katifa da leda, can tsakiya. Layin da ya kamata mu bi, a takarda mota tana shiga har ƙarshe. A ƙasa kuwa kowane mai shago ya zuba dakali na siminti a ƙofarsa, ya fito da rumfar kwano, kwanon wannan gefe ya kusa sumbatar na wancan, a tsakiya kuma tebura ne an ɗaure su da sarƙa. Dole muka tsaya a bakin ƙofa muka riƙa haɗa tiyo da tiyo, yara suna gudu da shi a kafaɗa cikin duhu. Na san akwai jan famfo a kusurwar, don na taɓa gwada shi da hannuna. Muka haska fitila, babu shi. Ashe wani ya gina ɗan kanti a kansa, ya shafe da siminti, ya jera kwalin sabulu. Sai da muka fasa ƙofa, muka sa diga muka tono shi. Kafin ruwa ya fito layi biyu sun tafi. Da gari ya waye na ga wani dattijo zaune a kan toka yana riƙe da makullin shagonsa, ƙofar da makullin ke buɗewa ta narke. Har yau in na tuna zuciyata tana ƙuna, don da hanya a buɗe take da shagonsa bai ƙone ba.

Maman Fadila, Marwa:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya mayar masa da alheri.

Ɗalibar Shari'a, Marwa:
Barkanmu da war haka iyayena. Alhaji, ƙofar da Baba yake nufi ita ce ta magajin gari. Dokar ƙananan hukumomi ta 24 ga Disamba 2019 ta sa gina kasuwanni da kula da su a hannun ƙananan hukumomi, kuma hana aukuwar gobara yana cikin abin da aka ɗora wa magajin gari. Kuɗin tikitin da kake faɗa, asusunsu yake shiga, ba na sojoji ba. Akwai kuma FEICOM, wata hukumar gwamnati wadda aikinta ke nan tallafa wa ƙananan hukumomi da kuɗin irin waɗannan ayyuka. Saboda haka in ana neman tankin ruwa a kasuwa, ko a gyara famfo, ko a buɗe layi, takarda ce za a rubuta wa magajin gari da sa hannun shugabannin 'yan kasuwa, a kuma nemi kansilolin unguwa su tayar da maganar lokacin da ake zaman kasafin kuɗi, wato ƙarshen shekara. In kasafi ya wuce sai wata shekarar.

Ɗan Kusiri:
Duk maganar da kuke yi ta mutanen manyan birane ce. Ku kuna kukan mota ta makara. To ƙauyukan da ke tsakanin Waza da nan fa, ko na bakin kogin Logon? Daga Marwa zuwa Kusiri kilomita 260 ne ko kusa da haka, kuma kun san halin hanyar. Bukkar zana da rumbun dawa ba sa jiran kowa, minti goma an gama. Ni ina bayan Alhaji, ofisoshin sun yi kaɗan ƙwarai ga faɗin ƙasar nan. Kuma tunda Yawunde ba za ta iya kai soja kowane gari ba, me zai hana a bar kowace ƙaramar hukuma ta yi nata? A Najeriya ai kowace jiha da hukumarta, farar hula ne, ban da ta tarayya.

Baban Zara, Njamena:
Ɗan'uwa na ƙetaren gada, sannu. A nan wajenmu Chadi motocin kashe gobara na cikin gari a hannun magajin gari suke, abin da kake roƙo ke nan. Ban ce ba shi da amfani ba, amma aljihun magajin gari shi ne iyakar aikin, garin kuwa kullum faɗaɗa yake. Akwai kuma wutar da ta fi ƙarfin kowace ƙaramar hukuma. Daren 18 ga Yuni 2024 da rumbun makamai na unguwar Guji a nan Njamena ya kama, harsasai da rokoki suna tashi suna faɗawa cikin unguwanni, hukuma ta ce mutum 9 sun rasu, 46 sun jikkata. Irin wannan ba aikin ma'aikacin gunduma ba ne. Su kuma na filin jirgi, na hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta ASECNA, kayansu masu kyau ne, makarantarsu ma tana Duwala, amma jirgi suke gadi. In suka bar fili jirgi ba zai sauka ba.

Abin da nake gani ya fi sauƙi tsakaninmu da ku shi ne yarjejeniya a rubuce. Gadar Ngeli kaɗai ta raba Njamena da Kusiri. In wuta ta tashi a ɗaya gefen, kada mota ta tsaya a kan iyaka ana neman izini.

Tsohon Soja, Garwa:
Ɗan Kusiri, gaskiyarka a kan ƙarancin ofisoshi, ba zan kare wannan ba. Amma ban yarda a raba aikin ga kowace gunduma ba. Sayen mota ba shi ne wahala ba, riƙe ta ne. Famfonta yana son gyara, tiyo yana ruɓewa a zafin nan namu, kumfar kashe wutar mai tana da wa'adi, kuma dole a samu mutane a farke dare da rana, ranar salla ma haka. Gundumar da ke fama da albashin ma'aikatanta, shekara biyu motar za ta yi ta hau kan duwatsu. Kuma Najeriyar da ka ambata, ai Kasuwar Monday ta Maiduguri tana tsakiyar babban birnin jiha, amma ranar 26 ga Fabrairu 2023 ta ƙone ƙurmus. Nan gida ma, ginin Majalisar Dokoki a Yawunde ya kama a Nuwamba 2017, benayen sama suka tafi, alhali hedikwatar rundunar tana cikin garin.

Abin da zai yi wa ƙauye da ƙaramin gari amfani shi ne 'yan sa-kai. A Faransar da muka kwaikwaya, kusan 8 cikin 10 na masu kashe gobara 'yan sa-kai ne, manomi, makaniki, malamin makaranta, an horar da su, in an busa su fito. Mun ɗauko na Paris mun bar na ƙauyukansu, alhali shi ya fi kama da halinmu.

Ɗan Kusiri:
To Baba ai kusan abu ɗaya muke faɗa. Sai dai ni ina tsoron sa-kai babu kaya babu ko sisi. Mun ga 'yan sintiri yadda suka ba da rayukansu, da yawansu ba su samu komai ba.

Mai Gyaran Wuta, Ngaundere:
Ku yi haƙuri in shigo ta wani gefe. Kuna ta maganar kashewa, ni kuwa kullum ina ganin inda take farawa. Mitar wuta ɗaya, shago goma sun ja daga jikinta. Siririyar waya da aka yi don ƙwan fitila, a ɗora mata firiza biyu da abin dafa ruwa. Inda aka haɗa waya da waya an naɗe da ledar burodi. Mafi muni, abin da ke katse wuta in kaya sun yi yawa, sai ya dami mai shago da faɗuwa, a kira yaro ya cire shi ya haɗa kai tsaye. Ai faɗuwar nan da yake yi gaya maka yake waya ta yi zafi.

Ga kuma ɗaukewar wuta. Da rani in ruwan madatsar Lagdo ya ja baya ana rabon wuta, a ɗauke da yamma, tela ya rufe shago ya manta dutsen guga a jone a kan yadi. Tsakar dare a dawo da ita. Shi ya sa za ku ga gobarar kasuwa yawanci da dare take tashi. Alhaji, ku sa doka a layinku: mai rufe shago ya kashe wutarsa daga tushe, kuma a yi makunni ɗaya na kowane layi a waje, inda mai gadi zai iya kaiwa.

Alhaji Mai Atamfa, Garwa:
Masu firiza ba za su yarda ba malam, kifinsu da kajinsu za su lalace.

Mai Gyaran Wuta, Ngaundere:
Sai a ware musu layinsu da waya mai kauri. Ana yi, ba wani abu ne mai wuya ba.

Hajiya Mai Gwanjo, Garwa:
Akwai abin da kowa yake kewayewa, ni zan faɗa. Zuwa-zuwa, wato man fetur na sumoga. Jarkoki a ɗakin kwana, jarkoki a bayan shago, kusa da mai shayi, kusa da mai tsire. Mun manta Nsam a Yawunde, 14 ga Fabrairu 1998, mutane suna kwasar man da ya zube daga tankokin jirgin ƙasa wuta ta tashi, fiye da mutum 100 suka mutu. Mun manta gangaren Dschang a Janairu 2021, motar fasinja ta yi karo da mai ɗauke da man sumoga, mutum 53. A fitar da shi daga cikin kasuwa da cikin unguwa, shi ke nan.

Yaro Mai Kwalba:
Hajiya, da girmanki. Da wannan kwalbar nake ciyar da mahaifiyata da ƙannena. Tun da aka cire tallafin mai a Najeriya a 2023 ribar ma ba ta taka kara ta karya ba. In kin kore ni ina zan je? Kuma ɗan acaɓan da ke kai ki kasuwa a wajena yake shan mai, garuruwa nawa ne babu gidan mai ko ɗaya?

Hajiya Mai Gwanjo, Garwa:
Ɗana, ban ce ka bar neman halalinka ba. Na ce kada ka kwana da shi a ɗaki ɗaya da mahaifiyar taka.

Tsohon Soja, Garwa:
Yaro, saurara, wannan don kai ne. Ba ruwan man ne ke fara kamawa ba, tururinsa ne, kuma ya fi iska nauyi, a ƙasa yake bi har ya tarar da murhu ko fitilar da ke nesa da jarka. Kada ka juye mai a cikin ɗaki, kada ka juye kusa da garwashi. In ya kama, kada ka kuskura ka watsa ruwa, mai yana hawa kan ruwa ne ya bi shi duk inda ya gangara. Yashi. Ka ajiye bokiti biyu cike da yashi a gefen teburinka, ba ka biyan ko sisi a kansa. In kana da hali ka sayi tukunyar kashe gobara mai hoda, ta kilo 6. Amma ka sani daƙiƙa goma sha ce ta ƙare, don haka gindin wutar ake nufa, ba harshenta ba. Babban kaya kuma ku haɗu ku nemi fili a bayan gari, a kawo na yini kawai.

Malam na Hausare:
Assalamu alaikum. Na ga wasu a gefe suna cewa gobara ƙaddara ce. Haka ne, babu abin da ke faruwa sai da izinin Allah, kuma wanda ta shafa mu yi masa jaje, kada mu ƙara masa da zargi. Amma ya inganta daga Abu Musa al-Ash'ari cewa wani gida ya ƙone da mutanensa a Madina da dare, da aka gaya wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya ce wannan wuta abokiyar gabarku ce, idan za ku yi barci ku kashe ta. Umarni ne. Wanda kuma ya toshe hanyar jama'a da dakali, ko ya gina kanti a kan famfon da aka kafa don ceton dukiyar mutane, ya ci haƙƙin da ba nasa ba. In Allah ya yarda zan yi magana a kai a wajen karatu.

Maman Fadila, Marwa:
Allah ya ƙara ilimi Malam. Mu mata namu a cikin gida yake. Kaskon garwashi a ɗaki saboda sanyi, a rufe ƙofa da taga. Turaren wuta a ƙarƙashin kabbasa, a ɗora kaya a fita. Sannan kulle yara a ɗaki da kwaɗo a tafi biki, tagogi kuma duk ƙarfe ne. Baba, in tukunyar mai ta kama a kan gas, me za a yi? Kuma in na kira 118 me zan ce? Lungunmu ba shi da suna.

Tsohon Soja, Garwa:
Ki kashe gas, ki rufe tukunyar da murfi ko jiƙaƙƙen tsumman da aka matse, ki bar ta ta huce. Kada ki ɗauke ta, kada ki zuba ruwa. Kiran kuwa, ki kira da wuri, tun kina ganin kamar za ku iya da kanku. Yawancin mutane sai sun gaji da bokiti suke tuna mu, sannan su fara ƙirga mana lokaci daga sa'ar da wutar ta tashi. Ki faɗi unguwa, ki faɗi abin da kowa ya sani kusa da ku, masallaci, makaranta, gada, ki faɗi abin da ke ci da ko akwai mutum a ciki. Sai ki tura yaro mai babur bakin kwalta ya jira motar ya shige gaba. Kuma don Allah ku hana yara wasa da lambar nan. Kiran ƙarya ya yi yawa, mai gaskiya yana kira layi a cike.

Alhaji Mai Atamfa, Garwa:
Ni dai har yanzu ina nan a kan cewa gwamnati ta ƙara ofisoshi da motoci, wannan haƙƙinmu ne. Amma layi da famfo zan kai wa shugabannin kasuwarmu ranar Juma'a bayan an sauko. Baba, faɗin nawa mota take bukata, kuma tankin da zai ɗauki ruwan da ka faɗa girmansa nawa?

Hajiya Mai Gwanjo, Garwa:
Kafin ku je Alhaji, ku tuna su wa ke da teburan tsakiyar layin. Zawarawa ne da marayu masu sayar da kuka da daddawa. Masu dakalin siminti su ne masu kuɗi. In za a fara, a fara da dakali. Kuma a nema wa masu tebur wuri tukuna, kada a wayi gari a watsar musu da kaya a ce don gobara ne. Ni zan zo taron, da su zan zo.

Alhaji Mai Atamfa, Garwa:
Ki zo Hajiya, a yi a gabanki.

Tsohon Soja, Garwa:
Faɗi mita 3 babu komai a ciki, sama mita 3 da rabi babu kwano babu waya, kuma a kula da kwana, don motar tana da tsawo. Tanki a ƙasa mai tsawon mita 8, faɗi 5, zurfi 3 yana ɗaukar lita 120,000. In kuɗi bai kai ba a yi rabinsa, da rijiyar burtsatse da za ta riƙa cika shi. A sa shi a bakin kasuwa inda mota za ta tsaya a jikinsa, a hana masu ga-ruwa ɗiba. Amma kafin a zuba siminti ku je ofishin 'yan kwana-kwana ku nemi su turo wanda zai duba wurin, ya kuma ba ku awon bakin da tiyonsu ke kamawa, don in maƙeri ya yi muku nasa na daban ba zai shiga ba. Alhaji, ka faɗa mini ƙarfe nawa, zan zo da igiyar awo mu bi layukan tare.